Tsara Shaƙatawa da Ilimantarwa a Gandun Namun Daji: Abin da Yaran Kwaciri Suke Buƙata

Gandun namun daji, wato filin da hukuma ta keɓe domin itatuwa da dabbobi su rayu ba tare da sara ko farauta ba, yana amfanar jama'a ne idan an tsara yadda za su shiga cikinsa su huta, su kuma fito da ilimin da ba su shiga da shi ba. Wannan buƙata ta fi ƙarfi a unguwannin Kano masu cunkoso irin Kwaciri da Fagge da Sabon Gari, inda yaro yake tasowa tsakanin kasuwa da kwalta, ya san kura da zaki a tatsuniya, amma bai taɓa ganin sawun ko ɗayansu a ƙasa ba.

Jihar Kano tana da wurare biyu da suka dace da wannan aiki, kuma kowanne da irin tsarin da yake buƙata. Na farko shi ne gidan zoo da ke Gandun Albasa, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, zamanin gwamna Audu Baƙo da ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, kuma sunansa wurin yake amsawa har yau. Na biyu shi ne dajin Falgore da ke kan hanyar Jos, kimanin kilomita 150 kudu da birni, wanda aka keɓe tun shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, aka kuma mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960. A gidan zoo dabba ce take jiran mai kallo a keji, alhali a Falgore mai kallo ne yake neman dabba a gidanta, don haka abin da za a shirya wa maziyarta ba zai zama iri ɗaya ba.

Matakin farko na tsari shi ne bin yanayin shekara, domin daji ba ya nuna fuska ɗaya a kowane wata. Da rani, idan ciyawa ta bushe kuma ruwa ya janye zuwa 'yan tafkuna, dabbobi sukan taru a mashaya, ganinsu ya yi sauƙi, shi ya sa watannin hunturu suka fi dacewa da yawon daji. Da bazara zafi yakan tilasta a taƙaita fita zuwa sassafe ko bayan la'asar, lokacin da dabbobin ma suke barin inuwa, sannan damina, duk da takan ɓata hanyoyi, ita ce lokacin nazarin tsirrai da tsuntsaye masu ƙaura irin shamuwa, wadda manomi ya daɗe yana ɗaukar zuwanta alamar saukar ruwa.

Mataki na biyu shi ne sanin lokutan jama'a. Kowa a Kano ya san yadda gidan zoo yake cika maƙil da yara a ranakun yawon Salla, kuma irin wannan rana ta raha ce, ba ta darasi mai tsawo ba, sai dai tana buƙatar a ƙayyade adadin mutanen da wuri zai iya ɗauka a lokaci guda ba tare da an takura dabbobi ko an tattake tsirrai ba. Mai tsari zai raba filin gida biyu, ya ware wajen lilo da masu sayar da abinci nesa da kejuna, ya bar wani ɓangare shiru domin kallo, ya kuma tanadi inuwa da ruwan sha da wajen salla da bayan gida na mata daban, tare da kwandunan shara, tun da leda tana kashe dabbar da ta haɗiye ta. Ɗaliban firamare da na Islamiyya kuwa sai a ba su ranakun da babu cinkoso, rukuni-rukuni, kowane rukuni da ɗan rakiyarsa.

Ɗan rakiya shi ne ginshiƙin ɓangaren ilimi, kuma aikinsa ya wuce nuna dabba da yatsa, domin shi ne zai haɗa abin da ido ya gani da abin da yaro ya riga ya sani a gida. Idan ya tsaya gindin kuka ko ɗorawa, sai ya tuna wa yara miyar kuka da daddawar da suke ci. Idan ya zo gawo, sai ya bayyana cewa yana zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, abin da ya sa manoma suke barin sa a tsakiyar gona, saboda ba ya tare wa shuka rana kuma ganyensa taki ne. Haka zai tambaye su dalilin da ya sa ungulu, wadda a da take cika mayanka da mahauta, ta yi wuyar gani a birni. Tsofaffin mafarauta da masu maganin gargajiya suna da wannan sani, kuma ya kamata a jawo su cikin shirin, a kuma rubuta sunayen itatuwa da Hausa da Turanci, har da Igbo da Yarbanci saboda yaran Sabon Gari.

Tafiyar kanta gara a yi ta hawa-hawa. Yaron Kwaciri zai iya farawa da lambunan bakin rafin Jakara, inda zai ga yadda dattin gari yake shiga ruwan da ake ban ruwa da shi, daga nan ya je gidan zoo ya san dabbobi da sunayensu, sannan idan ya kai sakandare a kai shi Falgore ko Yankari ta jihar Bauchi, wadda aka buɗe wa maziyarta a 1962, bayan an tabbatar da tsaro da rakiyar ma'aikatan gandu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ganin da aka shirya masa tambaya kafin fita, aka kuma nemi yaro ya zana ko ya rubuta abin da ya gani bayan dawowa, shi ne yake zama a zuciya har ya hana shi sayen tsuntsun da aka kamo daga daji idan ya girma.