Korona: yadda aka rufe, yadda aka buɗe, da abin da jama'a suka ce

Yau za mu waiwayi shekara ta 2020, shekarar da aka rufe masallatai da makarantu da iyakokin ƙasarmu saboda cutar korona, wadda likitoci ke kira Kwabid-19. Har yanzu in aka tada zancen a fada ko a rumfar kasuwa, gardama ce ke tashi. Wani ya ce gwamnati ta ceci rayuka. Wani ya ce talaka kawai aka wahalar. Bari mu bi maganar daki-daki.

Me aka rufe?

Cutar ta fara ɓulla a ƙasar Sin a ƙarshen shekara ta 2019. Ranar 17 ga watan Maris na 2020, tun ba a samu mai ita a Nijar ba, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya ba da sanarwar rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da iyakoki, da makarantu. An hana taron da ya wuce mutum 50. Motocin kaya ne kaɗai aka bari su ƙetare iyaka. Ranar 19 ga wata aka samu mutum na farko mai cutar a Yamai. A cikin waɗannan kwanaki ne kuma aka hana sallar jam'i da taron ibada a coci.

Ranar 27 ga watan Maris aka ƙara ɗaurewa. An kafa dokar hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, an kuma killace birnin, matafiyi ba ya shiga, ba ya fita. Don a rage zafi, gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da na ruwa na wata biyu, Afrilu da Mayu, ta kuma yi wa fursunoni 1540 afuwa.

Me ya sa aka yi haka?

Makiyayi ya san amsar. In ciwon huhu ya shiga garken maƙwabcinsa, ba ya jira sai shanunsa sun fara tari. Nan da nan yake raba masu wurin kiwo da wurin shan ruwa. Ya san saniya tana iya ɗauke da ciwon alhali tana cin ciyawa lafiya lau.

Haka korona take. Tana bin numfashi da tari da atishawa. Mutum yana iya ɗaukarta ya yi kwana 5 ko 6, wani lokaci har 14, bai ji komai ba. Wani ma ba zai taɓa jin komai ba, amma yana raba ta ga duk wanda ya zauna kusa da shi. A lokacin babu allurar riga-kafi, babu magani. Labari yana zuwa daga Italiya cewa asibitocinsu sun cika sun batse. Mu kuwa na'urorin ba maras lafiya iska kaɗan ne gare mu, yawancinsu a Yamai. Mahukunta sun ji tsoro, kuma a ganinmu tsoron yana da dalili.

Abin da jama'a suka ce

Babban abin da ya sosa rai shi ne masallaci. Tambaya ɗaya ta zagaye ƙasar: yaya za a bar kasuwa a buɗe, a rufe masallaci? Tambayar tana da amsa. Ƙwayar cutar ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki, inda mutane ke tsaye kafaɗa da kafaɗa suna shaƙar iska ɗaya. A fili, inda iska ke kaɗawa, haɗarin yana raguwa. Kuma in an rufe kasuwa, washegari babu tukunya a wuta. Wasu malamai sun tunatar da jama'a cewa addini ya hana shiga garin da annoba ta faɗa wa, ya kuma hana fita daga cikinsa. Saudiyya ma ta dakatar da umara, hajjin shekarar kuma ba a karɓi baƙi daga waje ba. Sai dai a wurare da yawa doka ta riga bayani isowa. Mutum ya ga jandarma a ƙofar masallaci kafin ya ji dalili daga bakin limaminsa ko maigarinsa.

Rai ya ɓaci. A Mirya, cikin jihar Damagaram, an yi tarzoma a watan Maris. A watan Afrilu, ana gab da azumi, matasa sun ƙona tayoyi a wasu unguwannin Yamai, an kama mutum fiye da 100.

Sai maganar ciki. Mai shayi da mai tsire da mai tuyar ƙosai da dare suke ciniki. In an ce kowa ya shige gida ƙarfe 7, an rufe masu shago ke nan. Ɗan ci-rani da ke Yamai ya ga damina tana matsowa, hanyar gida kuwa a toshe, ga gona ba shara. Afuwar kuɗin wuta da ruwa ba ta taɓa ɗan ƙauye ba, tunda da rijiya da fitila yake aiki. Mutanen Maraɗi da Birnin Ƙonni kuwa wahala biyu ce ta haɗe masu. Tun watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da mai, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Wannan rufewa ba ta korona ba ce, amma ga mai sayar da wake ko rago duk zafin ɗaya ne.

Akwai kuma masu cewa babu cutar sam, ko kuma ciwon Turawa ne da masu hawa jirgi. Ranar 3 ga watan Mayu ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar, ya rasu, aka sanar cewa korona ce. Wasu suka tsorata. Wasu kuwa suka ce: "Ai mun faɗa, ciwon manya ne."

Masu wannan ra'ayi suna da hujjar da ba ta renuwa ba. Duka-duka mutanen da aka tabbatar sun kamu a Nijar ba su kai dubu 10 ba, waɗanda suka rasu sun ɗara 300. Zazzaɓin cizon sauro kuwa dubbai yake kashewa kowace shekara, yawancinsu ƙananan yara, kuma ba a taɓa rufe gari dominsa ba. Uwar da ta binne ɗanta a watan Satumba tana da ikon yin wannan tambaya. Amma lissafin yana da gyara. Wanda aka gwada shi kaɗai ake ƙirgawa, da farko kuma a Yamai ake gwajin, a cibiyar bincike ta CERMES. Tsohon da ya rasu a ƙauye da sarƙewar numfashi bai shiga takarda ba. Sannan kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, cutar kuwa tsofaffi ta fi kayarwa. Wannan yana cikin abin da ya sa ba ta yi mana ɓarnar da ta yi a Turai ba.

Yadda aka sassauta

Da azumi ya kama, an mai da dokar hana fita daga ƙarfe 9 na dare zuwa 5 na asuba. Ranar 13 ga watan Mayu aka buɗe masallatai da coci-coci, aka ɗage dokar baki ɗaya, bisa sharaɗin wanke hannu da sabulu, da rufe baki da hanci, da barin tazara. Ranar 15 ga wata aka buɗe hanyoyin Yamai. Yara sun koma lakkol ranar 1 ga watan Yuni, jirage sun dawo ranar 1 ga Agusta. Iyakokin ƙasa kuwa sai watan Yuni na 2021.

Gwamnati ta ce masu kamuwa ne suka ragu. Jama'a da yawa sun ce fushin mutane ne ya buɗe ƙofa. Mu dai muna ganin duka biyun sun yi aiki. Abin da ya fi damun ma'aikatan lafiya shi ne yadda aka fahimci buɗewar. Da yawa sun ɗauka cuta ta ƙare, aka ajiye ƙyallen rufe baki, bokitin wanke hannu na ƙofar masallaci ya bushe. Alhali sassauci ba ya nufin ƙwayar cuta ta tafi. Yana nufin an auna an ga cewa ci gaba da rufewa ya fi buɗewa cutar da mutane.

A watan Disamba na 2020, da sanyin hunturu, cutar ta dawo da ƙarfi. Lokacin yaƙin neman zaɓe ne, ƴan siyasa na kowane ɓangare suna tara dubban mutane a filaye. Wanda aka hana masa sahu a watan Afrilu ya gani da idonsa, bai kuma manta ba. Da allurar riga-kafi ta iso a watan Maris na 2021, mutane da yawa sun noƙe, aka koma neman sarakuna da malamai da ungozomomi su yi wa jama'a bayani.

Ranar 5 ga watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama annobar da ke buƙatar matakin gaggawa. Ƙwayar cutar dai tana nan tana yawo, kamar mura. Waɗanda ta fi yi wa illa su ne tsofaffi, da masu ciwon sukari, da masu hawan jini, da masu ciwon zuciya ko na huhu. In ɗayansu ya kamu da zazzaɓi da tari, numfashinsa ya fara yin sama-sama, a kai shi likita a ranar, kada a bari sai an kwana.