Yadda ƙungiyoyin agajin yara ke tara gudummawa ta intanet

Duk wanda ya buɗe shafin intanet na ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin da ke tallafa wa ƙananan yara, abubuwa biyu zai fara cin karo da su: fuskar yaro guda yana kallonsa, da kuma wurin da zai latsa ya ba da kuɗi.

Ba haka kawai aka tsara shafin ba. Shekaru da dama na gwaji ne suka koya wa ƙungiyoyi irin su Save the Children da Plan International da asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, abin da ke sa mutum ya fito da katin bankinsa.

Kafin zuwan intanet, waɗannan ƙungiyoyi sun dogara ne ga wasiƙun da ake aikawa gida-gida, da tallace-tallace a jaridu da talabijin, da kuma 'yan sa-kai masu yawo da gwangwanin tara kuɗi. Dukansu hanyoyi ne masu cin kuɗi da lokaci.

Ranar da lamarin ya sauya

Bala'in igiyar ruwa ta tsunami da ya afka wa ƙasashen da ke gaɓar tekun Indiya a ranar 26 ga watan Disamba na 2004, inda mutane fiye da dubu 200 suka halaka, shi ne ya nuna ƙarfin sabuwar hanyar.

A Birtaniya, kwamitin haɗin gwiwar manyan ƙungiyoyin agaji da ake kira DEC ya karɓi sama da fam miliyan 10 ta shafinsa na intanet cikin sa'o'i 24 kacal. Daga ƙarshe gidauniyar ta tara fiye da fam miliyan 390 ta hanyoyi daban-daban.

Tun daga lokacin, shafin intanet ya tashi daga allon sanarwa ya koma akwatin karɓar kuɗi.

Galibi shafin ba ya barin mai bayarwa ya yi ta saƙe-saƙen nawa zai bayar. Yakan jera masa adadi uku ko huɗu, ya kuma bayyana abin da kowanne zai iya saya, alal misali gidan sauro, ko allurar rigakafi, ko ƙunshin abincin nan na gyaɗa da madara da ake bai wa yaran da tamowa ta kama.

Abin da ƙungiyoyin suka fi so kuwa shi ne mutum ya amince a riƙa cirar wani ɗan adadi daga asusunsa na banki kowane wata, domin da irin wannan kuɗi ne ake iya tsara aikin shekara guda ko biyu. A Birtaniya akwai kuma tsarin Gift Aid, wanda ke bai wa ƙungiya damar karɓo ƙarin kwabo 25 daga hukumar haraji a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar.

Ƙungiyoyin Musulmi ma ba a bar su a baya ba. Islamic Relief, wadda aka kafa a birnin Birmingham a 1984, tana da shirin ɗaukar nauyin marayu, kuma shafinta na ɗauke da wurin lissafin zakka, inda mutum zai shigar da dukiyarsa a nuna masa ko ta kai nisabi, a kuma fitar masa da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Wasu shafukan har suna raba wa mutum sadakarsa a kan darare goma na ƙarshen Ramadan, don kada Lailatul Ƙadari ta wuce shi.

Me ya sa yaro guda?

A 2007 wasu masana uku a Amurka, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, sun wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi suna a tsakanin masu aikin tara gudummawa.

Sun nuna wa wani rukunin mutane alƙaluman miliyoyin jama'ar da ke fama da yunwa a Afirka, wani rukunin kuma aka nuna masa hoto da labarin wata yarinya 'yar shekara bakwai daga ƙasar Mali. Waɗanda suka ga yarinyar sun ba da kimanin ninki biyu na abin da 'yan rukunin farko suka bayar. Abin mamakin shi ne, da aka haɗa hoton da alƙaluman wuri guda, sai gudummawar ta ragu.

Jamhuriyar Nijar ta ga irin wannan a aikace. A 2005, bayan fari da farin ɗango sun lalata amfanin gona, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta kiran a kai ɗauki, amma amsar da ta samu ba ta taka kara ta karya ba. Sai da aka nuna hotunan yara masu tamowa a cibiyoyin jinya na Maraɗi a gidajen talabijin na Turai cikin watan Yuli, sannan kuɗi suka fara kwarara. Shugaban ƙasar na lokacin, Mamadou Tandja, ya musanta cewa yunwa ake yi, yana mai zargin ƙungiyoyin agaji da zuzuta lamarin.

Ina kuɗin ke tafiya?

A nan ne akan samu rashin fahimta. Tsarin ɗaukar nauyin yaro guda, wanda Plan International ta fara amfani da shi a 1937 lokacin yaƙin basasar Spain, ya dace ƙwarai da intanet, domin mutum na iya zaɓar ƙasa, ya ga hoton yaro da sunansa, daga bisani kuma ya riƙa samun saƙonni.

Sai dai a yawancin manyan ƙungiyoyin, kuɗin ba hannun yaron ko iyayensa suke shiga ba. Ana tattara su ne a yi wa ƙauyen aiki baki ɗaya, kamar rijiya ko aji ko ɗakin shan magani. Akwai hikima a cikin hakan, tunda fifita yaro ɗaya a kan 'yan uwansa na iya haddasa hassada, amma ba kowane shafi ne ke bayyana wannan ƙarara a inda ido zai fara kai ba.

Matsalar ta girmi intanet. A 1998 jaridar Chicago Tribune ta gano cewa wasu daga cikin yaran da aka ci gaba da karɓar kuɗi da sunansu sun riga sun rasu, lamarin da ya girgiza amanar da jama'a suka bai wa tsarin.

Mutuncin wanda aka ɗauka hoto

Hoton da aka buga a jarida yakan ɓace bayan kwana ɗaya, amma wanda aka ɗora a intanet yana iya shafe shekaru, har yaron ya girma ya gan shi.

A 2017 Save the Children ta fitar da wani bincike da aka gudanar a Birtaniya da Jordan da Bangladesh da kuma Nijar, inda aka tambayi mutanen da aka taɓa ɗaukar hotunansu abin da suke ji. Da dama sun nuna cewa sun fi son a ba su dama su faɗi labarinsu da bakinsu, a kuma nuna ƙoƙarin da suke yi, ba wahalarsu kaɗai ba.

Shafukan sada zumunta sun zo da nasu ƙalubalen, domin jama'a da yawa kan tsaya ga nuna goyon baya ba tare da sun ba da ko kwabo ba. A 2013 reshen UNICEF na ƙasar Sweden ya fito da wani talla da ke tunatar da mutane cewa latsa alamar so a Facebook ba ta sayen allurar rigakafin shan-inna.

Haka kuma a 2020 ƙungiyar Comic Relief ta Birtaniya ta sanar da cewa za ta daina tura fitattun mutane zuwa Afirka domin ɗaukar fina-finan neman taimako, ta kuma koma aiki da masu shirya fina-finai 'yan nahiyar. Matakin ya biyo bayan suka mai zafi da ɗan majalisar dokokin ƙasar, David Lammy, ya yi a 2019 kan hoton wata mai gabatar da shirin talabijin da ta rungumi wani yaro a Uganda.