Uwargida, A Bakin Wa Kika Ji Sanarwar Gwamnati?

Yau zancenmu a kan "an ce" ne, kuma babu macen da ke cikin birnin Katsina da ba ta san shi ba. Kina zaune a gidan suna a Ƙofar Marusa, ko kina layin awo a asibiti, sai wata ta zaro waya daga jaka ta ce, "Ke, ba ki ji ba? An ce gwamnati na raba wa matan aure jari, amma gobe za a rufe." Kafin ki ce kwabo mata goma sun miƙa lambobinsu. Ba wadda ta tsaya ta tambaya wa ya ce, a ina ya ce, yaushe kuma ya ce.

Kada ki ɗauki abin da wasa. A watan Agusta na 1914 ba mu da waya, amma a Agusta na 2014 muna da ita, kuma mun ga aikinta. Lokacin da cutar Ebola ta ɓulla a Legas, saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya, wai a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Iyaye mata suka tashi yara tun kafin asuba. Mutane da dama suka kwanta asibiti, wasu ma suka rasa rayukansu, alhali hukumar lafiya ba ta taɓa faɗin haka ba.

Ki tuna kuma da canjin kuɗi na 2023. Babban Banki ya ce tsofaffin takardun N200 da N500 da N1,000 za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, sa'an nan ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. A ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu har ƙarshen shekara, a watan Nuwamba kuma ta ɗage wa'adin ɗungurungum. Mai kuɗin adashi a ƙulle cikin kwalla, wadda ta tsaya kan labarin makon jiya, ita ce ta rabu da kuɗinta a kan hasara. Ashe sanarwa ma tana tsufa.

Yadda aka saba tun da

Kakanninmu ba su sha irin wannan wahala ba, don sun san bakin da maganar hukuma ke fitowa. Daga fada umarni zai je wa hakimi, daga hakimi sai dagaci, daga shi sai mai unguwa, mai shela kuma ya bi lungu lungu yana faɗa. Matar da ke cikin kulle tana tsakar gidanta take ji, ta kuma san muryar. Bayan haka aka zo da majigi, motar ofishin watsa labarai ta kafa farin ƙyalle a fili da dare, a nuna wa jama'a tsabta da noma da rigakafi. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam na editanta. A zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, Lardin Katsina ya sami 'yar jaridarsa mai suna Himma.

Tun da aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987, jihar ke da tata ma'aikatar watsa labarai, da gidan rediyonta, da talabijin na KTTV. Gwamnatin Tarayya kuma tana da Hukumar Wayar da Kan Jama'a, watau NOA, wadda aka kafa a 1993, mai ma'aikata a ƙananan hukumomi. Aikin duk waɗannan ɗaya ne da na mai shela. Abin da ya sake yau shi ne shelar ta shiga cikin waya, inda ɗan damfara ke iya kwaikwayon muryar hukuma.

Duba wutsiyar adireshi

To, yaya za ki rarrabe? Da fari, kada tambarin Nijeriya ko hoton Gwamna ya ruɗe ki. Yaro ma na iya kwafo su ya liƙa. Abin da ke da wuyar sata shi ne adireshin da ke rubuce can sama a fuskar waya. Shafin ma'aikatar gwamnati a ƙasar nan yana ƙarewa ne da .gov.ng, kuma ba kowa ake ba wannan wutsiya ba, sai ofishin gwamnati. Na Jihar Katsina shi ne katsinastate.gov.ng. Na hukumar jarrabawar shiga jami'a jamb.gov.ng, na NECO neco.gov.ng, na masu katin ɗan ƙasa kuma nimc.gov.ng. Jami'o'i da kwalejoji su kan ƙare da .edu.ng, kamar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, umyu.edu.ng. WAEC ce ta fita daban, don ta ƙasashen Afirka ta Yamma ce ba ta Nijeriya kaɗai ba, saboda haka adireshinta ki karɓa daga makaranta.

Ki lura da wayon mazambata. Sukan sa kalmar gov ko sunan Katsina a tsakiyar adireshi, amma ƙarshensa wani abu ne dabam. Wutsiyar za ki duba, wadda take daf da karkataccen layi na farko. Mafi alheri ma, kada ki taɓa shuɗin rubutun da aka turo miki ta WhatsApp. Ki rubuta adireshin da hannunki, harafi bayan harafi.

In kin shiga

Yawancin waɗannan shafuka da Turanci suke, to a nan ne 'yar makaranta za ta nuna amfanin bokonta. 'Yata, ki zauna kusa da mahaifiyarki ki karanta mata, ki fassara yadda yake, ban da ƙarin gishiri. A kan waya za ki ga 'yan layuka uku a kwance a wata kusurwa ta sama. In kin taɓa su, jerin sassan shafin zai buɗe: sashen labarai da sanarwa, sashen ma'aikatu, da sashen da ke nuna inda ofishin yake da yadda za a tuntuɓe shi. Wani lokaci akwai alamar gilashi mai mariƙi, inda za ki rubuta kalmar da kike nema.

In kin sami sanarwar, ki nemi abu uku. Na ɗaya, kwanan wata, har da shekara, don sau da yawa sanarwar bara ce ake sake yaɗawa. Na biyu, wa ya sa hannu, kuma mene ne muƙaminsa. Na uku, su wa abin ya shafa. Tallafin wata jiha ba naki ba ne, haka kuma gurbin karatun da aka ce na masu digiri ne bai shafi 'yar aji shida ba. Ki rubuta ranar rufewa a bayan littafinki. Yarinya nawa ce ta yi zaman gida shekara guda don kawai ranar rajista ta wuce ta!

Abin da hukuma ba ta tambaya

Wannan ki riƙe shi da kyau. Babu ma'aikatar da za ta nemi lambar sirri ta katin bankinki, ko 'yar lambar nan da banki ke turowa ta waya. Ko ma'aikacin bankin kansa ba ya da ikon tambayarki. Lambar BVN da ta NIN, kowace mai alƙaluma 11, akwai hukumomin da ke buƙatarsu, amma sai kin tabbatar da adireshi tukuna. Kuɗin gwamnati ba a zuba shi a asusun wani mutum mai suna, kuma duk abin da kika biya ki karɓi rasit. Saƙon da ya ce ki tura wa mutum ashirin kafin a ba ki rabonki, tarko ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, shafin gwamnati ma yakan yi barci. Wani sai ki tarar an yi watanni ba a sa sabon abu ba. Kuma ko mai shela, abin da aka aiko shi da shi yake faɗa, ba zai gaya miki inda aka gaza ba. Don haka ki haɗa da rediyo. Abin da ya shafi dubban mata ba zai ɓuya ga labarun gidan rediyon jiha ko Companion FM ba. In maganar allura ce, ki tambayi ma'aikaciyar asibitin unguwarku. In ta jarrabawa ce, shugabar makaranta. In ba ki fita, maigida ko ɗanki ya leƙa wurin mai unguwa ko sakatariyar ƙaramar hukuma. Matambayi ba ya ɓata.

Ki kuma sani tambaya haƙƙinki ce, ba roƙo ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa, mace ko namiji, ikon rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma ba ofishin kwana bakwai ya amsa. Wadda ba ta iya rubutu ba, dokar ta yarda wani ya rubuta mata.

Saboda haka, uwargida, in an sake cewa "an ce" a gabanki, ki yi murmushi ki ce, "Yaya, a bakin wa kika ji?" In ba amsa, ki bar maganar ta mutu a wayarki, kada ki zama ke ce kika kai ta gidan maƙwabciya. Allah ya tsare mu da dukiyarmu da 'ya'yanmu, amin. Sai mun sake saduwa.