Ƙera Jiragen Yaƙin Ruwa: Abin da Ya Haɗa Amurka da Ƙawayenta

Ƙarfin sojan ruwa daga masana'antar ƙera jirgi yake farawa. Jirgin yaƙi guda kan ci shekaru ana aikinsa, don haka ƙasar da ta iya ƙerawa da gyarawa da sauri ita ce abokan gaba ke shakkar tsokana. A wannan fage Sin ta yi nisa: kusan rabin jiragen kasuwanci da ake ƙerawa a duniya daga can suke fitowa, alhali kason Amurka bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Rundunar ruwan Sin kuma ta fi kowace yawan jirage. Wannan giɓi ne ya sa Amurka ta koma neman hannun ƙawayenta.

Mafi girman shirin shi ne AUKUS, wanda Amurka da Birtaniya da Ostireliya suka ƙulla a Satumban 2021. Saboda wannan shiri, Ostireliya ta soke cinikin jirage masu nutso 12 da ta yi da Faransa, har Faransa ta janye jakadunta don fushi. A Maris 2023 aka bayyana tsarin: Amurka za ta sayar wa Ostireliya jirage masu nutso samfurin Virginia uku zuwa biyar daga farkon shekarun 2030, sannan a ƙera sabon samfuri a Barrow ta Ingila da Osborne kusa da Adelaide ta Ostireliya. Makamashin nukiliya ne zai tafiyar da su, amma ba za su ɗauki makaman nukiliya ba. Amfaninsu shi ne suna iya shafe watanni a ƙarƙashin teku ba a san inda suke ba.

Sai dai sa hannu a takarda ba ya walda ƙarfe, kuma nan ne matsalar take. Amurka na buƙatar fiye da jirgin Virginia biyu a shekara kafin ta wadata kanta ta kuma sayar, amma abin da take gamawa bai kai haka ba, saboda ƙarancin ƙwararrun masu walda da injiniyoyi. Horar da irin waɗannan ma'aikata na ɗaukar shekaru, kuɗi ba ya gajarta su.

Koriya ta Kudu ta shigo ta wata ƙofar. A 2024 kamfanin Hanwha ya sayi masana'antar jiragen Philadelphia ta Amurka a kan dala miliyan 100, kuma an fara gyara jiragen dakon kayan sojan ruwan Amurka a Geoje ta Koriya ta Kudu. Dokar Amurka dai har yanzu ta hana a ƙera mata jirgin yaƙi a ƙasar waje, don haka yawancin taimakon ya tsaya ga gyara da zuba jari.