Ferrari da Lamborghini a matsayin motar hawan yau da kullum: abin da ya kamata ku sani

A watan Satumban 2019 aka yi gwanjon motoci 25 a ƙasar Suwizalan, waɗanda hukumomin can suka ƙwace daga hannun Teodorin Obiang, ɗan shugaban ƙasar Ikwatoriyal Gini. A cikinsu har da wata Lamborghini Veneno mai buɗaɗɗen kai, wadda tara kacal aka ƙera irinta a duniya, ta kuwa tashi a kan sama da dala miliyan 8. Da aka duba mitarta, kilomita 325 ta nuna. Wato daga ƙera ta a 2014 zuwa ƙwace ta a 2016, duk tafiyar da ta yi ba ta kai nisan Kano zuwa Abuja ba. Haka akasarin waɗannan motoci suke rayuwa, a lulluɓe cikin gareji, sai ranar biki ko ranar da mai su ya so a gan shi.

Akwai kuma waɗanda ba su yarda da wannan ba. Rowan Atkinson, ɗan wasan Ingila da muka fi sani da Mr Bean, ya sayi McLaren F1 a 1997, ya riƙa hawanta kamar kowace mota, har ya tara mata kusan kilomita 66,000. Sau biyu yana yin haɗari da ita. A na biyun, cikin 2011, kamfanin inshora ya biya fam 910,000 kuɗin gyara, wanda ya zarce abin da ya saye ta tun farko. Duk da haka, da ya sayar da ita a 2015, rahotanni sun ce ta kai wajen fam miliyan 8.

To, shin mutum zai iya mai da irin wannan mota ta zuwa ofis da kasuwa da ɗauko yaro daga makaranta? Zai iya. Sai dai injin motar shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai dame shi. Titin da zai bi, da man da zai zuba, da bakaniken da zai taɓa ta, da nauyin aljihunsa, su ne za su yanke hukunci.

A da, motar kanta ita ce matsalar. Lamborghini Countach da ta fito a 1974 tana da kuloci mai tauri da ke gajiyar da ƙafa, cikinta zafi, gilashinta na baya kuwa ɗan tsito ne. Idan direba zai yi ribas, sai ya ɗaga ƙofa sama, ya zauna a bakin ƙofar, rabin jikinsa a waje, yana waiwaye yana taka totur da ƙafa ɗaya. Wasu samfurorin Ferrari, irin F355, sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a canza bel ɗin da ke daidaita aikinsa, kuma aiki ne da ke dawowa duk bayan 'yan shekaru.

Japanawa ne suka fara sauya lissafin. A 1990 Honda ta fitar da NSX, mota mai inji a tsakiya da jikin alminiyum, wadda shahararren ɗan tseren nan na Barazil, Ayrton Senna, ya taimaka wajen gwada ta. Tana gudu kamar na Italiya, amma na'urar sanyinta na aiki, direba na ganin hanya, kuma da safe tana tashi ba gardama. Daga nan kowa ya shiga taitayinsa. Audi ta sayi Lamborghini a 1998, ta shigo mata da tsarin aikin Jamusawa. Daga wajen 2008 aka fara sa wa waɗannan motoci giya mai sauya kanta cikin laushi, wadda ba ta cinye kuloci a cunkoso kamar ta da. Yau 'yan sandan Italiya suna aiki da Lamborghini Huracán, har an haɗa mata akwatin sanyi a gaba. A Disambar 2022 sun ɗauki ƙoda biyu a cikinta daga Padua zuwa asibitocin Modena da Roma, inda marasa lafiya ke jiran dashe. Wani ɗan kasuwa a Ingila ma ya tuƙa Lamborghini Murciélago ɗinsa ta haura mil 250,000, ko da yake ya canza kuloci da tayoyi ba adadi.

Yanzu mu sauko kan titi, don nan maganar take. Tsakanin ƙasan irin wannan mota da kwalta bai cika wuce santimita 10 zuwa 12 ba, faɗin tafin hannu da ɗan ɗoriya. An yi haka da gangan, domin iskar da ke bi ta sama da ƙarƙashinta ta danne ta a ƙasa idan ta ɗau gudu. A kan shimfiɗaɗɗen titi wannan alheri ne. A gaban tudun rage gudu kuwa, dubi abin da direba zai yi: ya taka birki har ya kusa tsayawa, ya danna maɓallin da ke ɗaga hancin motar da kamar santimita 4, ya jira ta ɗago, sannan ya karkatar da sitiyari ya hau tudun a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, kunnensa na sauraron ko zai ji ƙarar gogar ƙasa. Na bayansa suna ta danna oda. Idan ya ji wannan ƙarar, to leɓen bambar gaba ne ya gogu, kuma galibi da zaren kabon ake yin sa, wanda ba ya lotsewa balle mai gyaran jiki ya buga shi ya miƙe. Tsagewa yake yi, sai dai a yi odar sabo. Ku lissafa tudu nawa ne tsakanin gidanku da wurin aiki, ku ƙara da gangaren ƙofar gida, da mashigar gidan mai, da ramin da ruwan jiya ya rufe.

Ruwan ma abin tsoro ne. Kafofin da injin ke shaƙar iska a ƙasa-ƙasa suke, kuma injin da ya shaƙi ruwa ya gama aiki. Ambaliyar da Hilux za ta ratsa direbanta na hira, ita za ta kashe Ferrari a tsakiyar titi.

Sai faɗi da gani. Lamborghini Aventador ta haura mita 2 a faɗi ko ba a haɗa da madubai ba, tsayinta daga ƙasa zuwa rufi kuwa bai kai mita 1.2 ba. Direba na zaune ne kusan a ƙasa, idonsa daidai da tayar tirela. Mai babbar mota na iya matsowa kansa bai ma san da shi a wurin ba. Kujera biyu ce kawai, but ɗin kuma a gaba yake, na Huracán bai wuce ɗaukar ƙaramar jakar tafiya guda ba. Magidanci mai iyali ya riga ya san amsarsa daga nan.

Batun mai kashi biyu ne, yawa da inganci. Aventador na da silinda 12 da ƙarfin doki 700, kuma a cikin gari lita ɗaya ba ta kai ta fiye da kilomita 4, alhali Corolla na yin ninki uku na haka. Bugatti Veyron, da ta fito a 2005 tana gudun kilomita 407 a awa, idan aka sake ta iya ƙarfinta takan shanye tankinta mai lita 100 cikin kamar minti 12. Mai irin wannan mota ba zai yi kukan kuɗin mai ba, na yarda. Ingancin shi ne abin dubawa. Waɗannan injuna an ƙera su ne don fetur mai lambar okten 98, ko a ƙalla 95, wanda ke jure matsi mai tsanani ba tare da ya kama wuta kafin lokacinsa ba. Fetur ɗin da aka saba samu a gidajen man Najeriya lambarsa ba ta kai nan ba. Kwamfutar motar za ta gane, ta rage wa injin ƙarfi don kare shi, amma karewar tana da iyaka, musamman a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Arewa, ga ƙurar hunturu da ke toshe lagireto. Ba a kuma manta da gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar a Fabrairun 2022 ba, mai yawan sinadarin metanol, wanda ya lalata injunan motocin jama'a da dama.

Gyara kuwa shi ne inda nake ganin mutane suka fi yaudarar kansu. Tun 2011 Ferrari ke ba duk wanda ya sayi sabuwa sabis kyauta na shekara bakwai, amma sai a garejin da kamfanin ya amince da shi. Irin waɗannan garejin 'yan ƙalilan ne a Afirka, yawancinsu a Afirka ta Kudu. Porsche ta buɗe cibiya a Legas a 2012, wannan na cikin dalilan da suka sa riƙon motocinta ya fi sauƙi a nan. Ga sauran, ko dai a ɗauko injiniya a jirgi da kwamfutarsa, ko a sa motar a jirgi a kai masa. Ba raina bakanikenmu nake yi ba, akwai masu basirar da za su kwance injin Marsandi su mayar ido rufe. Amma motar da ba ta bayyana ciwonta sai ga kwamfutar kamfaninta, basira kaɗai ba ta isa ba. Ƙaramin abu kamar taya ma haka ne. Tayoyin gaba da na baya girmansu ya bambanta, gefensu siriri ne, rami ɗaya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim, kuma yawancinsu ba sa zuwa da safaya. Mai faci na bakin titi ba shi da irinta, mota za ta zauna makonni tana jiran jirgi ya kawo.

Wani zai ce to a ajiye ta mana, a riƙa fitowa da ita jefi-jefi. Ajiyar ma cuta ce. Dokin da ya daɗe ɗaure a turke ba a motsa shi, ranar da aka ɗaura masa sirdi ake ganin illar zaman, haka motar take. Batir na mutuwa cikin 'yan makonni idan ba a jona shi da caja ba, robobin da ke tare mai suna bushewa su fara yoyo, fetur na lalacewa a tanki, tayoyi su tsufa alhali zanensu na nan kamar sabo. Lokacin da Paul Walker, tauraron finafinan Fast and Furious, ya rasu a cikin Porsche Carrera GT a Kalifoniya cikin Nuwambar 2013, masu bincike sun ɗora laifin a kan gudun da ya wuce kima, sun kuma gano cewa tayoyin motar sun kai shekara tara. Wannan darasi ya shafi har mai Golf. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere cikin ɗan zagaye. Idan kun ga 2319, an ƙera ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin na cewa daga shekara biyar a riƙa kai taya ana duba ta duk shekara, idan ta kai goma kuwa a cire ta komai kyanta a ido.

Me ya sa masu su suke ƙin hawa, duk da sun san zama na cutar da su? Kasuwa ce. Mai sayen irin wannan mota a hannu na biyu mita yake fara dubawa, kowace kilomita dubu da ta ƙaru tana zaftare farashi. Ribar da Atkinson ya ci ba abin kafa hujja ba ce, domin McLaren F1 guda 106 kaɗai aka ƙera. Ferrari ko Lamborghini da ake ƙera dubbai a shekara, idan ta sha hanya, faɗuwa darajarta take yi.

Ga kuma idon jama'a. Duk inda ta tsaya sai an taru, wayoyi a sama. Ƙarar tashinta da asuba na tayar da layi guda. A Landan, unguwannin Kensington da Chelsea sun kafa doka a 2015 da ta hana direbobi wasa da totur a tsaye, saboda koken mazauna kan attajiran da ke kawo motocinsu hutun bazara. A inda ake fama da masu garkuwa da mutane, motar da kowa ya san mai ita kuma ya san lokacin fitarta ba ƙaramin ganganci ba ce.

Kamfanonin da kansu sun fahimci duk wannan. A ƙarshen 2017 Lamborghini ta fito da Urus, doguwar mota mai ƙofa huɗu da ke iya hawa tudu da ɗaukar iyali. A 2023, cikin motoci sama da 10,000 da kamfanin ya sayar, sama da 6,000 Urus ne. Ferrari da ta daɗe tana cewa ba za ta bi wannan hanya ba, ita ma ta fito da Purosangue a 2022. Masu kuɗin da ke son hawa kullum sun nuna zaɓinsu da aljihunsu.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. Aventador na kai kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa uku, ƙarshen gudunta 350. Dokar hanya a Najeriya ta tsayar wa ƙananan motoci 100 a babban titi, 50 a cikin gari. Duk abin da aka biya kuɗi dominsa yana can sama da abin da doka ta yarda, kuma zuciya ba ta rasa raya wa mai ita ya gwada. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake yi, komai tsadar birkin. A Yulin 2025 Diogo Jota, ɗan ƙwallon Liverpool, da ƙaninsa suka rasu a cikin Lamborghini a wani babban titin Sifen, 'yan sanda suka ce taya ce ta fashe suna cikin wuce wata mota. Can ke nan, inda babu ɗan acaɓa da ke fitowa daga lungu, babu shanu na tsallaka titi, babu yara masu talla a tsakiyar hanya.

Don haka hukuncina shi ne, a Dubai ko Jamus, mai hali zai iya hawanta kullum idan ya yarda da asarar da zai yi ranar sayarwa. A titunanmu kuwa ba za ta zama motar farko ba, sai dai ta biyu ko ta uku. Wanda Allah ya hore wa ya mallake ta a cikinmu, ina roƙonsa ya duba shekarun tayoyinsa kafin ya fito, kuma kada ya gwada ƙarfinta a titin da jama'a ke bi.