Jirgin Sama Mai Awon Ƙarƙashin Ƙasa

Ran nan a Bekaji, inda nake gwajin koyarwa, wani yaro ya tambaye ni, "Malam, wai daga jirgin sama ake hango man fetur?" To, ga amsar, don na san za a yi wa wasunku irin tambayar nan.

Jirgi ba ya ganin mai. Ku dubi mai fito a Binuwai: ba ya ganin gindin kogi, sai ya zura gora ya san zurfinsa. Haka jirgin yake yi, sai dai gorarsa na'ura ce mai auna ƙarfin maganaɗisun ƙasa, watau ƙarfin nan da ke juya allurar kamfas.

Can ƙarƙashinmu akwai tsohon dutse mai tauri, wanda ke da ɗan maganaɗisu. A bisansa akwai yashi da laka waɗanda ruwa ya tara tun tale-tale har suka daskare, irin dutsen da Yola da Jimeta ke zaune a kai, wanda masana ke kira dutsen Bima. Wannan na bisan kusan ba shi da maganaɗisu, amma a cikin irinsa mai ke kwanciya. In tsohon dutsen yana kusa, na'urar ta ji shi sosai. In ya yi nisa, sai ta ji shi sama-sama. Ta haka ake gane inda kwarin ya yi zurfin da zafin ƙasa zai iya dafa mai.

Tsakanin 2003 da 2010 jiragen kamfanin Fugro suka yi wa hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya wannan awo, suna tafiya mita 80 kacal bisa ƙasa, layi-layi kamar mai huɗa, da mita 500 tsakanin layi da layi.

Amma fa taswira ba rijiya ba ce. Sai an bi da ƙafa, an girgiza ƙasa an saurari amsa-kuwwa, sa'an nan a haƙa. Maƙwabtanmu sun ga haka. A Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, Shell ya haƙa a 1999, ya tarar da iskar gas, ya bari. Sai a 2019 NNPC ya ba da sanarwar samun mai a wurin, bayan shekara 20.