Karayar Idon Sawu A Bakin Aiki: Wa Zai Biya Kuɗin Tiyata?

JALINGO — Magini ko leburan da ya karye a idon sawu a bakin aiki kan yi kimanin mako 6 bai taka ƙafar ba, bayan likitoci sun ɗaure ƙashin da ƙarfe da kusoshi. Komawa aikin ƙarfi kuwa kan ɗauki wata 3 ko fiye. Idan aka daɗe wurin maɗori har ƙashin ya haɗe a karkace, gyaransa sai da babbar tiyata, irin wadda akan nema a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta wajabta wa masu kamfanoni zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi kowane wata ga hukumar NSITF, ita kuma ta ɗauki nauyin magani da diyya. Dokar ta hana cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci.

Wajibi ne ma'aikaci ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, maigidan kuma ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7. Jinkiri na iya gurgunta ƙafar, ya kuma kawo cikas ga neman diyyar.